Shekarar da Babanku Ya Shiga Kogi

Na daɗe ina kewaye wannan babin kamar mai tsallake kwata. Na rubuta muku zuwana Kaduna, na rubuta haihuwarku ɗaya bayan ɗaya, har rikicina da mai gidan hayarmu na farko sai da na ba shi shafinsa, amma duk lokacin da na iso kan shekarar da babanku ya shiga kogi sai in ajiye biro in tashi in nemi aikin da ba a sa ni ba. Abin da ya zaunar da ni yau magana ce da wata jikata ta kwaso mini daga gidan biki. Wai an nuna ni daga nesa an ce mata, ga kakarki can, matar da ta zaɓi boko ta bar miji. Ko ban ji muryar ba na san daga wane gida maganar ta fito, don ba yau aka fara ba. To tunda har ta kai kunnen jikoki, gara ku ji daga bakina tun ina da sauran haƙoran faɗa. Ba zan wanke kaina ba, ba kuma zan shafa wa kaina baƙin da ba nawa ba.

A cikinku Sani ya san rabin labarin, Bilki ta san kaɗan, Auta kuwa yana baya a goye, ba abin da ya sani sai abin da aka gaya masa. Babanku, Malam Haruna, masaƙi ne a ɗaya daga cikin manyan masaƙun Kakuri, a ɓangaren da injuna ke buga zare. Muna zaune a Makera, a gidan haya mai ɗakuna a jere, mu da wasu iyalai daga Filato da Binuwai. Ni kuma ina dafa shinkafa da wake in kai bakin get, ma'aikata su saya in sun tashi. A lokacin ba agogo muke dubawa ba, jiniyar kamfani ce ke gaya wa unguwa lokacin ɗora tukunya da lokacin saukewa. Ba mu da wani abu mai yawa, amma ba mu taɓa kwana muna tunanin abin da za a ci da safe ba.

Abin da kamfani ya karɓa daga babanku kunnensa ne. Ƙarar ɗakin saƙa ba a kwatanta ta ga wanda bai shiga ba. Sau ɗaya na leƙa, na wuni kaina yana amsawa. Shi kuwa shekara da shekaru yana ciki, har kunnen ya yi nauyi, na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama sai ka matso ka ɗaga murya. Kuma da yake ba mai jin kowa a ɗakin, masaƙan suna da yarensu na hannu. In mutum ya ja kunnensa, oga na zuwa. In ya shafa ciki, lokacin abinci ya yi. In ya ja hannu a maƙogwaro kamar mai yanka kaza, to ka kashe inji ka fita, akwai haɗari. In kuwa wani inji ya yi ƙara mutane suka firgita, sai hedman, shugaban ma'aikatan ɗakin, ya miƙa hannu ya riƙa kaɗa tafinsa ƙasa-ƙasa, ma'ana zauna kan injinka, ba naka ba ne, ci gaba da aiki. Ku lura da wannan ta ƙarshen, don daga nesa ba ta da maraba da yadda kowane Bahaushe ke yafito mutum ya zo.

Wannan ya zama abin dariya a gidanmu. Sai in gama abinci in leƙa waje in hango shi a kan benci, in yafito shi, shi kuma ya gyaɗa mini kai ya ƙara gyara zama. In sake yafitowa, ya ɗaga mini hannu alamar ya gane, ya jingina da bango. Sai na tako har gabansa na ja hannun rigarsa.

"Malam, tun ɗazu nake kiranka."

"Kira? Ai cewa kika yi in zauna."

"Ni hedman ce?"

"Kin fi hedman, Hajara. Shi ana tashi daga aikinsa."

Ku yara har wasa kuka mai da shi, ku tsaya daga ƙofa kuna yafito shi don ku ga ya zauna, shi kuma yana sane wani lokacin yake biye muku. Abokinsa na ɗakin saƙa, Baba Istifanus, mutumin Filato da ke ɗakin ƙarshe a gidanmu, su biyu za su zauna a tsakar gida su yi hirar awa guda da hannu ba wanda ya buɗe baki, sai dai ka ga sun tuntsire da dariya. Matarsa Mama Rifkatu takan ce da ni mu biyu mun auri kurame masu gulma.

Sai aka rufe kamfanin. Ba a ce an rufe ba, cewa aka yi hutu ne, za a gyara injuna a kira mutane. Babanku ya wanke kakinsa ya goge ya rataye. Duk safiya sai ya yi wanka ya tafi bakin get ya tsaya da sauran, su karanta allon sanarwa da ba a liƙa komai a kai ba, su dawo. Jiniya ta yi shiru, ni ma tukunyata ta yi shiru, don wanda ba ya aiki ba ya sayen abincin waje. Muka fara sayar da abin da ke ɗaki, rediyo ya tafi, keke ya bi shi, kwanonin jerena suka bi keke. Muka koma cin abinci sau biyu, sannan muka koma sau ɗaya da rabi, rabin na yara ne. Babanku mutum ne mai kunya, ko gishiri ba ya iya roƙa, kuma ba wanda ke ɗaukar kurma gadi ko faskare a garin da masu kunne dubu ke neman aikin.

Abin da na gani a unguwa a shekarar nan har yau yana mini ciwo. Da safe layinmu kan cika da yara masu fararen riguna, sai na ga suna raguwa kamar ana tsince su. Wannan an kai shi gareji, wancan yana bin mota yana kwandasta, 'yan mata da faranti a ka suna hawa mota zuwa Gonin Gora su bi motocin Abuja da gudu suna miƙa ruwan leda ta taga. Wasu suka rataya buhu suna bin bola. Kowace uwa ka tambaya amsa ɗaya ce, kafin a buɗe kamfani ne, da an buɗe zai koma aji. Ban zarge su ba, yunwa ba ta jin lallashi. Amma ni na san ƙarshen wannan maganar, don da ita aka cire ni. Ina aji uku a garinmu aka ɗora mini farantin goro aka ce kafin kaka ne. Kaka ta zo ta wuce, wata ta zo, sai ga ni da goyo. Rubutun nan da kuke karantawa sai da na yi furfura na koye shi a makarantar matan aure, ina zaune da sa'o'in 'ya'yana suna gyara mini baƙi. Don haka tun ranar da na ga farar riga ta fara ƙaranci a layi na ƙulla a raina cewa nawa ba za su fita ba.

Sani yana ajin ƙarshe na firamare a lokacin, a makarantar gwamnati da ke kan hanyar Nasarawa. Shi ne babba a hannuna, don yayansa Auwalu bai yi kwana arba'in a duniya ba. Yaro ne dogo, ya fi shekarunsa jiki, kuma wannan jikin ne ya jawo ido a kansa.

Wata Asabar Yaya Ado, wan babanku, ya zo daga Tudun Wada da ƙullin masara a bayan babur. Ina so ku san wannan, don ba na son ku ɗauke shi mugu. A shekarar nan ya ciyar da mu ba sau ɗaya ba, kuma shi ma yana da nasa bakunan. Bayan an gaisa ya ce ya samo mafita. Akwai wani abokinsa, Alhaji Mai-tifa, da ke da jiragen ɗiban yashi a bakin kogi ta bayan Nasarawa. Yana neman yaro mai ƙarfi, ya yi masa alkawarin wuri ɗaya. Aikin ba wuya, in ji shi, a cika jirgi da yashi daga tsakiyar ruwa, a turo shi gaɓa, a kwashe da kwanon sarki a tara wa tifa. Ana sallamar mutum kullum da yamma.

"Sani zai iya," in ji shi. "Kafin a buɗe kamfani."

Ina bakin murhu na ji kalmar nan, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na fito na durƙusa yadda ya kamata, na ce:

"Yaya, mun gode, Allah ya bar zumunci. Amma Sani yana makaranta."

"Makarantar ba gudu za ta yi ba, Hajara."

"Ita ba ta gudu, Yaya, yaro ne ke wuce ta."

"To me za ku ci? Allo?"

"Abin da Allah ya hore."

"Ai shi ne ya hore wannan. Ko kina jira ya sauko miki da shi a faranti? Ni ma ina da 'ya'ya, biyu na cire, ban fi son kowa da wahala ba. Ku duba yaran nan, wuyan Bilki kamar mariƙin lema. Ke kina ganin gobe, ni ina ganin yau."

Gaskiya ya faɗa, wuyan Bilki ya rame. Na dube ta, na dubi ƙasa, na ce in dai ina numfashi Sani ba zai ajiye jaka ba, ko da za mu koma shan ruwan kanwa. Na faɗa da murya fiye da yadda ƙanwar miji ke yi wa wan miji magana, wannan na sani. Yaya Ado ya juya wurin ƙaninsa ya ɗaga murya don ya ji.

"Haruna, kai ne mai gidan ko ita?"

Babanku yana zaune yana bin bakinmu da ido, don ya iya karanta leɓe. Ya ce zai yi tunani. Yaya Ado ya sauke masarar, ya buga babur ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Ban sake tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Ranar Litinin ya fita da safe kamar mai zuwa bakin get. Bai dawo ba sai bayan la'asar, wandonsa a jiƙe har cinya, da shebur a kafaɗa da kwanon sarki a hammata. Ya jingina su a bayan ƙofa ya zauna yana kakkaɓe ƙafa.

"Malam, wannan fa?"

"Wurin yaro aka ba mu. Na je na ce wa Alhajin ni ne yaron."

"Kai? Da wannan shekarun?"

"Shi ma abin da ya ce ke nan. Na ce ya gwada ni, in ban cika jirgi ba ya kore ni. Istifanus ma ya samu, su suna tura jirgi."

"Da wannan kunnen za ka shiga ruwa?"

"Yashi zan ɗebo, Hajara, ba karatu zan ɗauka ba. Yashi ba ya magana."

Na roƙe shi. Ku rubuta wannan a inda ba zai goge ba, na roƙe shi ya bari. Na ce zan ɗauki faranti da kaina in tafi Gonin Gora, na ce zan yi wankau. Ya ce wankau in yi, amma yana raye matarsa ba za ta bi mota da gudu ba. Sannan ya ce abin da na faɗa wa yayansa ranar Asabar shi ne a ransa, bakinsa ne ba zai iya furta shi a gaban wansa ba. Ya ce shi ya ba inji kunnensa don ba shi da abin da zai sayar sai jiki, ba ya so ɗansa ya tashi da jiki kaɗai. Wannan ita ce doguwar maganar da na taɓa ji daga bakinsa, kuma da ya gama ya nemi ruwan wanka.

Haka muka shiga damina. Mutumin da ya saba tsayuwa gaban inji a inuwa ya koma wuni cikin ruwa har ƙugu. Tafin ƙafarsa ya yi fari ya tsattsage, ina shafa masa man kaɗanya yana cije baki. Yashi kuwa ya zama ɗan gida, a gashinsa, a kunnensa, a shimfiɗa, har a tuwo. Abin da ake sallamarsa da shi na yaro ne, don wurin yaro ya karɓa, amma ya mayar da mu cin abinci sau biyu, kuma Sani da Bilki ba su yi fashi ba. Da yamma yakan sa Sani ya zauna ta ɓangaren kunnensa na dama ya karanta masa abin da aka koya musu. Ba ya jin Turanci, rabin karatun ma ba ya shiga kunnen, amma yana gyaɗa kai kamar alƙali. In Sani ya yi tuntuɓe sai ya ce a sake, wai ya ji wurin bai zauna ba.

Wanda abin ya fi ci a rai Sani ne. Sa'o'insa da ke bakin kogi suna dawowa da ɗan abin kashewa a aljihu, suna sayen tsire, suna ce masa ɗan makaranta bokoko. Wani ya ce masa babansa yana aikin yara, har yara na gyara masa riƙon shebur. Ya dawo gida ranar idonsa ja, ya ce shi gobe kogi za shi, babansa ya huta. Na ce ya bari in ji ya sake faɗa. Ya sake faɗa. Ban taɓa dukansa ba sai ranar, kuma bayan na dake shi na shiga ɗaki na yi kukan da ya fi nasa. Babanku bai ji komai ba, yana waje yana alwala, ban kuma gaya masa ba.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, rana tsaka, sama fes ba ko gajimare. Abin da zan faɗa muku daga bakin Baba Istifanus na ji shi, don yana wurin. Kogin nan yana da hali, sai a yi ruwan sama can inda kogin ya fito, inda ba ka gani ba, nan ana rana, sai kawai ya taso. 'Yan yashi sun san alamarsa, ruwa ya yi ja, ya fara kawo ciyawa da karare. Da an gani sai a yi ihu kowa ya fito. Babanku yana kan wani tudun yashi a tsakiyar ruwa shi kaɗai, yana tara wanda za a loda, jirgin ya tafi gaɓa saukewa. Daga tudun akwai wata hanya marar zurfi da ake takawa a fito da ƙafa in ruwa bai ƙaru ba. Mutane suka ga ruwa ya sauya, suka yi ihu, duk wanda ke ciki ya fito. Shi bai ji ba, yana sunkuye. Da ya ɗago ya ga mutane jere a gaɓa, kowa ya miƙa hannu yana yafito shi, manya da yara, da dukkan ƙarfinsu.

Baba Istifanus ya ce yana bayan tulin yashi da kwano a ka lokacin da ya ji ihun. Ya zagayo ya ga hannuwa suna kaɗawa, ya ga babanku ya tsaya yana kallonsu.

"Maman Sani, ina gani na san abin da zai karanta. Na jefar da kwano ina gudu ina cewa ku daina, ku daina, ba haka ake gaya masa ba. Ba wanda ya gane ni. Ya ɗaga musu hannu, ya gyaɗa kai, ya juya ya ci gaba da aiki. Ya ɗauka hayaniyar ta wani ce, an ce ya zauna a wurinsa. Na shiga ruwa har gwiwa ina jan hannu a wuya, ina jan hannu a wuya, amma ya ba ni baya. Da ya waiwayo sau ɗaya, sau ɗaya kawai, da ya gan ni."

Lokacin da ruwan ya taɓa shi ya gane, hanyar ta riga ta nutse. An tura jirgi, ruwa ya juya shi. Sai washegari aka same shi can ƙasa, ya maƙale a saiwar wata bishiya. Baba Istifanus da Yaya Ado suka ɗauko shi tare. Ni abin da nake tunawa a ranar ba kuka ba ne, sanyi ne, wani sanyi da ya kama ni tun daga ƙafa, ana zafi ina rawar ɗari. Mama Rifkatu ce ta karɓi Auta daga bayana, ta kwana uku tana dafa wa masu zaman makoki abinci da itacenta.

A zaman makokin ne maganar ta fara. Ina ɗaki ina ji ta taga, wata daga dangi tana cewa da an bar yaro ya je da uban yana nan. Wata ta ce ai mace in ta kafe sai ta ga bayan gida. Wanda aka yi wa mutuwa dai ba ya da baki. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba ƙarya zalla suke yi ba, akwai gaskiya a ciki daidai wadda za ta yi ciwo.

Bayan addu'ar bakwai Yaya Ado ya shigo da Alhaji Mai-tifa. Dattijo ne mai mutunci, ya zauna daga bakin ƙofa ya yi mini gaisuwa da hawaye a idonsa. Ya ce a sana'arsu wuri ba ya mutuwa, in mutum ya rasu a bakin aiki ɗansa ke gadon wurinsa, ba mai taɓa shi. Ya ce zai ajiye Sani a gaɓa, ba zai bari ya shiga ruwa ba sai ya ƙara girma, kuma zai sallame shi kamar babba saboda mahaifinsa. Alheri ya zo yi, Allah ya saka masa. Na yi godiya, na ce Sani yana makaranta.

Yaya Ado ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Hajara, har yanzu? Bayan abin da ya faru?"

"Saboda abin da ya faru, Yaya. In na kai shi yanzu, to Malam ya shiga ruwan nan a banza."

"Ƙanina ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na ɗauko shi daga cikin saiwa da hannuna." Sannan ya miƙe. "Shi ke nan. Tunda kin fi kowa sani, ki riƙe su. Na cire hannuna."

Ya kuwa cire. Babur ɗinsa bai sake tsayawa a ƙofarmu ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma dangin babanku suka bi bayansa. Wannan shi ne dalilin da kuka tashi ba ku san gidan baffanku ba, kuna tambayata ina ce muku nisa ne. Na rasa miji, na rasa danginsa a mako guda, ga takaba a kaina ba fita. Mama Rifkatu ce ta riƙa zagawa gidajen ma'aikata tana karɓo mini wanki, in wanke a tsakar gida in goge, ta mayar. Hannun nan nawa da kuke tsokana kuna cewa kamar bayan kada, a shekarar ya fara zama haka.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya jira ni ranar da ya kamata Sani ya koma aji. Na tashe su da safe, Bilki ta shirya ta bi yaran Mama Rifkatu. Na leƙa ɗaki na ga rigar makarantar Sani a kan tabarma yadda na ajiye ta. Na duba bayan ƙofa, babu kwanon sarkin da aka dawo mana da shi daga kogi. Na fito da gudu na same shi a zaure, ya sa tsohuwar rigar babansa, kwanon a hammata, yana ɗaura igiyar takalmi.

"Ina za ka?"

"Alhaji ya ce wurin nawa ne."

"Ajiye kwanon nan."

"Umma, wa zai ciyar da mu?"

"Ba kai ba. Ajiye."

Bai ajiye ba, ni na zare shi daga hammatarsa. Na ja shi ɗaki na tuɓe masa rigar da hannuna kamar ƙaramin yaro, na sa masa ta makaranta, na rataya masa jaka. Yana tsaye kamar itace, bai taimake ni ba bai hana ni ba. Na san in na sake shi a ƙofar gida, yana shan kwanar layi zai gangara kogi. Sai na zura hijabi, na goya Auta, na kama wuyan hannunsa muka fita.

Mai takaba a titi da sassafe, mijinta bai yi kwana goma a ƙasa ba. Mai shayin bakin layi ya tsaya da ludayi a hannu. Mata suka leƙo ta katanga. Wata tsohuwa da nake girmamawa ta ce, Hajara, ko kin manta halin da kike ciki ne? Na ce ban manta ba, Inna, lalura ce. Daga baya na tambayi malami ya ce babu laifi mai takaba ta fita da rana don lalura, amma a ranar ko da laifi da na fita. Muka bi ta bakin kasuwa, muka hau hanyar Nasarawa, ban saki hannunsa ba. Ina jin jijiyar hannunsa tana bugawa a tafina.

Mun isa ana buga ƙararrawa, yara na shiga layi. A bakin get ya tsaya ya toge. Ban ja shi ba, na tsaya. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, kuma da ya yi magana muryar ba ta yaro ba ce.

"Umma, da ni na je, da na ji su."

Duk hanya ina shirya amsar tambayoyi, ban da wannan. Na so in ce masa ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare, abin da kowa ke faɗa mana tun ranar Laraba, kuma gaskiya ne. Amma ba shi ya tambaya ba, kuma yaron da ya kai ga wannan tunanin shi kaɗai ba a rufe masa baki da abin da ya riga ya ji. Na durƙusa a gabansa da goyo a bayana, har sai da ya dube ni.

"Da ka ji su," na ce. "Babanka ma ya san da haka ranar da ya je ya karɓi wurin. Shiga."

Ya daɗe yana kallona. Hawaye ya taru masa, ya sa bayan hannu ya share tun bai zubo ba, ya gyara igiyar jakarsa. Sannan ya zare hannunsa daga nawa a hankali, ya wuce ta get ɗin, ya shiga layin 'yan ajinsu daga can baya, ya fi kowa tsawo. Aka fara waƙar safe, ina kallon bakinsa, bai buɗe ba. Na tsaya riƙe da ƙarfen get har layinsu ya shige aji, har filin ya zama ba kowa, sai mai gadi ya zo ya ce, Hajiya, a yi haƙuri, zan rufe.